Takardar da Ke Wuyan Jatau

"Ga shi can, mai malafar nan da ke ɗaure sa a gindin bedi."

"Wanne?"

"Wanda na ba ka labari. Wanda aka yi wa sansa jinya kwana goma sha biyu."

"San da ya karye? Ai ba a jinyar sa, yankawa ake yi."

"To wannan an yi masa. Har da masu zuwa dubiya."

"Ba mahauci a garin?"

"Akwai. Shi ne ma ya fi kowa zaman jinyar."

"Ka ce dai garin mahaukata ne."

"Ba hauka ba ne. Asurans ce."

Wanda ake nunawa bai san da shi ake ba. Ya gama ɗaure san, ya sunkuya ya faɗa masa wata magana a kunne, sannan ya nufi ƙofar meri, inda magajin gari da ma'aikatan komin, wato ƙaramar hukuma, suke. Tsakanin bishiyar bedin da ƙofar akwai tafiya, ga kuma inuwa a bakin ƙofar ba kowa, amma can nesa ya zaɓa. Akwai dalili.

Sunansa Labbo, mutumin Gawon Bello, wani ƙauye tsakanin Magariya da Dungas, daga inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa. A ruga aka haife shi. Mahaifinsa yana da shanu, amma ba wanda zai gaya maka yawansu, don a gidansu ba a ƙirga dabba da baki, ba a kuma ambaton ciwo ko mutuwa a kanta tana tsaye tana ji. Shekarar da fari ya share garken, Labbo bai isa aure ba. Suka sauka gefen gari suka kama noman gero da gyaɗa kamar kowa. Fulatancin ya yi ta zube masa a hankali, har ya kai ba ya yin sa da kowa sai da sa. Mutane Hausa, sa Fulatanci. Matarsa ta taɓa cewa in kana son jin abin da ke cikin Labbo, sai ka laɓe bayan turke.

Amalanke ce sana'arsa tun yana saurayi. Ya ɗauki taki, ya ɗauki bulo, ya ɗauki kayan amarya, ya kai mata masu naƙuda likita, ya ɗauki akwatin zaɓe sau uku bai taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Ba ya riƙe bulala. Aikinsa irin na masu amalanke ne a wannan ƙasa: a sayi maraƙi ramamme, a hore shi, ya yi shekara biyu ko uku yana ja yana ƙiba, a kai shi kasuwar iyaka a sayar, a sayo wani. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne abincin 'yan lakwal, wato makarantar boko. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo buhunan shinkafa da wake ya sauke a bakin kwalta, don ba direban da ke yarda ya sa taya a rairayin Gawon Bello, sai Labbo ya kwashe. Shekara goma sha takwas yana yi, da magana ta baki. Duk dirakten da aka kawo ya shugabanci lakwal ɗin, gadonsa yake yi tare da allo da tuta.

San da ke jan amalanken yanzu, Jatau, ba nasa ba ne. Wanda ya gabata an sayar da shi lokacin rashin lafiyar matar Labbo, bai sami abin maye gurbinsa ba. Yayarsa Tani ce ta tsaya. Mijinta ya rasu, ba ta da gona, ba ta da ɗa a gari, sai ƙuli da man gyaɗa da take yi. Abin da ta tara shekara da shekaru shi ta sayi jan maraƙi da shi ta ba ƙanenta kiwo. Jatau ne gonarta, shi ne rumbunta. Ranar da ta miƙa masa igiyar ba ta yi dogon jawabi ba.

"Ka yi aiki da shi yadda ka ga dama," in ji ta. "Abu ɗaya nake so. Kada ka bari ungulu ta ci min shi."

Labbo bai amsa ba, don san yana tsaye a wurin.

Sai aka wayi gari abincin lakwal ya koma hannun komin, komin kuma ta yi sabon sakatare, Ɗanasabe. Mutumin kirki ne, ya yi karatu a Damagaram, ba ya cin na kowa, amma tsoron masu bincike yake yi kamar yadda wasu ke tsoron kunama. Ya ce duk mai yi wa komin aiki sai da takardar kwangila. Da bai sami irin ta masu amalanke ba, sai ya ɗauko ta masu kamiyo, ya goge suna ya sa na Labbo. A cikinta akwai sharaɗi na tara: duk abin hawan da zai ɗauki kayan hukuma sai yana da asurans, wato inshora.

Labbo ya ce shekara goma sha takwas ko ƙwayar wake bai taɓa ɓatarwa ba. Ɗanasabe ya ce ya sani, garin ma ya sani, amma takarda ba ta san shekara goma sha takwas ba, tampo ta sani, wato hatimi. In ba asurans, ba kaya.

Haka Labbo ya ɗaura wa Jatau amalanke ya tafi Magariya da shi, don a tunaninsa duk wanda zai tsaya wa dabba sai ya gan ta. Mai asurans yana da ɗan shago kusa da tasha. Ya buɗe na'ura ya fara tambaya. Lambar abin hawan? Babu. Wace ƙasa ta ƙera shi? Wani maƙeri ne a Sassumbrum, tayoyin kuma na wata mota ce da ta mutu. Me yake sha? Ruwa, da ɗan kanwa. Na'urar ta ƙi karɓa. Mutumin ya yi ta dannawa, ya leƙa waje ya kalli san, ya dawo ya danna, a ƙarshe ya ce akwai wata takarda ta daban da ake yi wa 'yan kwangila, wadda ba ta tambayar lamba, ita ma da tampo. Ya cike ta. Sannan ya gyara zama don ya yi bayanin abin da ta ƙunsa, kamar yadda aikinsa ya tanada.

"Ka ga, Baba, idan misali san nan ya..."

"Tsaya."

"Idan wata rana ya faɗa..."

"Na ce ka tsaya. Yana ƙofa, yana jin ka."

Sau uku mai asurans ya ɗauko zancen, ta gaba, ta baya, har da rage murya, sau uku Labbo ya tare shi da a'uzubillahi. Ya ce shi takarda ya zo saye, ba mugun baki ba. Ya biya, ya dangwala yatsa, ya fita. Yana kwance igiya mutumin ya biyo shi bakin ƙofa ya jefa masa abu biyu: takardar nan ta kasance tare da abin hawan kullum, kuma in wani abu ya faru, kada a taɓa komai, a kira lambar da ke jikin wannan ɗan kati, a jira mai konsta, mai rubuta rahoton hatsari, ya zo ya gani da idonsa. Waɗannan biyun Labbo ya riƙe, don ba su ambaci kowa ba.

Ɗanasabe ya karɓi ƙaramar shaidar, ya duba tampo, ya maƙala ta a kwangila. Babbar takardar kuwa, mai shafi huɗu, Tani ce ta san yadda za a yi da abin da ake so ya kasance tare da dabba kullum. Ta kai wa baduku, ya ninke ta takwas, ya ɗinke ta cikin jar fata, aka rataya ta a wuyan Jatau kusa da layar da ke can tun yana maraƙi.

Bayan ɗaukewar ruwa, a ɗaukar farko ta sabuwar shekarar lakwal, abin ya faru. Bayan gidan Hinda, wata mai tuwon sayarwa, akwai ramin da ake ɗibar ƙasar bulo, hanya ta bi ta bakinsa. Damina ta cinye ƙarƙashin hanyar ba wanda ya lura. Taya ɗaya ta hau, ƙasa ta zabtare, amalanke ta kife, ta ja Jatau, Jatau ya ja dangar Hinda, duka suka gangara. Labbo ya yi tsalle bai ji ciwo ba. Ramin bai wuce ƙugu ba, a bushe yake, amma san yana kwance a kan ƙafarsa ta hagu ta gaba, ya yunƙura sau biyu ya koma.

A Gawon Bello kowa ya san abin da ake yi. In sa ya karye, ba a barinsa ya mutu ya zama mushe. A yanka shi nan take, a yi watanda, kowane gida ya ɗauki kashi ya ba da abin da zai iya, har a haɗa wa mai shi abin sayen maraƙi. Haka aka yi wa kowa, haka kowa ya yi wa wani. Kafin Labbo ya gama kwance karkiya, Mahamadou sarkin fawa ya iso da wuƙa da tabarma. Kafin ya shimfiɗa tabarmar, an riga an kama wurare. Tozo na liman, kamar kullum. Hinda ta ce kai da ƙafa nata ne, ko don dangarta. Hammadu mai guga ya kama fata. Ɗantsoho maɗori, mai ɗorin mutane, ya ce a ajiye masa ƙirji.

An juya kan Jatau gabas ke nan, sai ga dirakte a guje da waya a hannu. Ya kira meri ne don ya faɗi zancen buhuna, sai Ɗanasabe ya ce a ba shi Labbo. Ya ce kada a taɓa komai. In aka taɓa, asurans ta faɗi, in ta faɗi kwangila ta bi ta, shi ma ya bi su. In kuwa aka jira mai konsta, kamfani zai ba da sabon sa cikakke, ba maraƙin watanda ba. Bai yi ƙarya ba, haka ya ɗauka. Labbo ya tuna abin da aka jefa masa a ƙofar shago, ya ga maganar ta zo ɗaya. Ya ce wa Mahamadou ya ɗan dakata, ya tafi wurin mai sa.

Tani tana bakin ramin, ba ta kusa ba ta nisa. Ta saurare shi har ya gama.

"Abu ɗaya na faɗa maka," in ji ta.

"Ina sane, Adda."

"To a jira. Amma Mahamadou ba ya tashi daga kansa. In ido ya juya, a yanka, ko wa ke kan hanya."

Aka hau tudu inda ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, aka kira lambar. Wata mace a ofishin kamfanin da ke Damagaram ta ce mai konsta yana nan tafe gobe. Gobe aka ce ya tafi wani hatsarin tirela. Jibi motarsa ta lalace. Gata Juma'a ce.

Aka kafa wa Jatau rumfa a cikin ramin, don rumfa ba taɓawa ba ce, a sama take. San da ya kwanta sai ana juya shi, in ba haka ba gefe ɗaya ya mutu, aka yi shawara aka ce juyi halal ne matuƙar an mayar da shi yadda yake kafin baƙo ya iso. Safe da yamma maza shida suke shiga su juya shi. Mahamadou ya zauna a kan turmi da wuƙa a cinya, ya rasa kasuwar Dungas, ya rasa wadda ta biyo ta. In zai yi salla sai Labbo ya karɓi wuƙar. Don kada a yi rigima ranar da rana ta zo, ya ɗauki gawayi ya zana wa kowa iyakarsa a jikin san, sai Jatau ya koma kamar gonar gado.

Daga nan ne dubiya ta fara. Liman ya zo a kwana na uku ya tsaya ya daɗe yana kallon tozo, ya ce kamar ya ɗan kwanta. Da la'asar sai ga damin harawa daga gidansa. Hammadu ya ga fata ta fara gogewa a kafaɗa, ya kawo tsohuwar katifa aka cusa. Wata mata da gidansu ya kama cinya ta zo da dusa, ta ce ba za ta zuba ido abinta ya rame ba. Masu haƙarƙari suka kawo ƙaiƙayi da gishiri. Kowa kashinsa yake ciyarwa, amma baki ɗaya ne, sai Jatau ya ci abin da bai taɓa ci ba a tsaye. Hinda kuwa ba a bar ta ta gyara danga ba, gidanta a buɗe, duk mai zuwa dubiya sai ya ga abin da ke tukunyarta ya kuma yi sharhi. Ta ce in mai konstan ya zo, ita za ta fara yi masa konsta.

Dirakte ya ba da shawara a farke layar a karanta, ko akwai hanya. Aka ce layar a jikin san take, san kuma yana cikin komai. Sai ya koma kan abin da ya dame shi, don yara suna wucewa suna ganin shinkafarsu a rami. Ya zazzage buhunan ya kai wa masu dafuwa, ya cika su da rairayi, ya ɗinke, ya mayar da kowanne inda ya faɗi. Ya ce buhu aka ce kada a taɓa, ga buhu nan.

Rana ta biyar, da hantsi, cikin Jatau ya kumbura. Gefen hagu ya tashi kamar ganga, numfashi ya koma sama-sama, ya miƙe wuya, baƙin ido ya fara shigewa. Mahamadou ya sauka daga turmin ya durƙusa, ya ɗaga layun biyu da bayan hannu ya sa wuƙa a wurin. Ya kalli Labbo. Labbo ya san in ya ƙara jinkiri kaɗan, ba sabon sa, ba watanda, ba komai sai rami da ungulu, kuma shi ne zai kalli Tani har ƙarshen ransa. Ya buɗe baki zai ce bismilla, sai Tani ta shigo ramin da kwalbar man gyaɗa, wanda ta tace don kasuwa. Ta ce a ɗaga masa kai. Ta ɗura masa kwalbar duka, Labbo yana murza cikin da gwiwar hannu yana yi masa magana da Fulatanci, magana mai tsawo, wadda ba wanda ya fahimta sai Tani, ita kuma ta juya fuska. Can sai san ya yi gyatsa, irin wadda ta kori kajin Hinda. Ya ƙara. Cikin ya fara sauka.

Labbo ya zauna a ƙasa. Ya ce ya isa haka. A yanka yanzu da sauran rai, kwangila ta tafi inda za ta.

Ɗantsoho yana wurin, ya zo duba ƙirjinsa ne. Tun da aka ɗaga kan san, hannunsa ya sauka a kan ƙafar hagun, kamar yadda hannun maɗori yake yi ba da izininsa ba. Ya latsa, ya bi ta har kafaɗa, ya sake bi. Ya ce wannan ƙafa ba ta karye ba, gocewa ta yi. Aka tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar farko. Ya ce wa ya tambaye shi? Shekararsa sittin bai taɓa ganin san da ya faɗi ya kai azahar da rai ba, balle a duba shi.

Saura batun taɓawa. Aka kai wa liman. Ya tambayi wa ya dangwala yatsa a takardar. Aka ce Labbo. Ya ce to alkawari a wuyan Labbo yake, Ɗantsoho bai dangwala wa kowa komai ba. Labbo ya juya baya ya kalli gabas, maza suka danne, Ɗantsoho ya ja ya murɗa, aka ji ƙas. Ya ɗaure da kara da tsumma. Sai da ya wanke hannu ya tuna da ƙirjin, ya tsaya yana kallonsa, ya ce shi dai bai taɓa yi wa kansa irin wannan ba.

Mai konsta bai zo ba sai rana ta goma sha biyu. A safiyar ranar, maza shida suka zo juyi suka tarar ba abin juyawa. Jatau ya tashi da kansa, ya bi ta gangaren da masu bulo ke bi ya fito, yana tsaye yana cin ragowar dangar Hinda, wadda dama tun yana kwance yake jan karanta ɗaya-ɗaya. Ana cikin kallonsa sai ga moto biyu, wato babura. Ɗanasabe a gaba, a bayansa mai konstan, wani mutum mai suna Mustafa, da jaka da abin awo, idonsa ja don gajiya. Ya gaisa da kowa cikin ladabi. Ya leƙa ramin, ya ga amalanke a kife da buhuna. Ya tambayi ina abin da ya yi hatsarin. Aka nuna masa sa a tsaye, mai ƙiba, da zanen gawayi a jiki.

Ya ce shi aikinsa ya rubuta abin da ya gani, kuma bai ga hatsari ba. Sai dai a mayar da komai yadda yake.

Ba a kayar da sa sai da igiya a ƙafa. Ɗantsoho ya ce in aka ja wannan ƙafar yanzu, wannan karon karyewa za ta yi ta gaske. Mahamadou ya ɗaga kai yana kallon sama. Wasu daga cikin masu kashi suka sunkuyar da kai, ba ka iya gane abin da suke fata.

"Baba, ba wani abu ba ne," in ji Mustafa. "Ya kwanta, in ɗauki hoto, ya tashi."

"Kwana goma sha biyu muna roƙonsa ya tashi."

Ɗanasabe ya matso. "Baba Labbo, ka taimake ni. In ba konsta, ba kwangila."

"To a ba kamiyo."

"Kamiyo ba ya shigowa nan."

"Na sani. San ba nawa ba ne, Malam Ɗanasabe."

Ya sa hannu a wuyan Jatau ya zare jar layar, ya miƙa wa Mustafa, ya ce ga kayansu, a mayar musu, ya gode. Mustafa ya jujjuya ta ya tambayi mene ne wannan. Da aka gaya masa, ya nemi wuƙa. Mahamadou ya miƙa tasa, wadda ya kwana goma sha biyu yana wasawa, ita ce ta farke ɗinkin baduku. Takardar ta fito tana warin sa. Mustafa ya zauna a kan turmi ya karanta shafi na farko, ya juya, ya koma baya. Ya cire tabarau.

"Dangar nan ta wace ce?"

Hinda ta ce tata ce, tana kuma da magana.

Ya ce ta ɗan dakata. Ya yi bayani a hankali, da Hausa. Wannan takarda ba ta san sa ba. Ko ya karye, ko ya mutu, ko an yanka shi tun ranar farko, ba ruwanta, ba kuma abin da zai taɓa kwangila. Abin da ta tsaya wa shi ne ɓarnar da mai kwangila ya yi wa wani a bakin aiki. A duk abin da ke wurin nan, abu ɗaya ne nata: danga. Ya ce ai ana yin wannan bayani tun ranar saye. Labbo ya ce an so a yi.

Ɗanasabe ya nemi wuri ya zauna a kan buhu, ya ji taurinsa ba na shinkafa ba ne, bai tambaya ba.

Mustafa ya miƙe ya ce a nuna masa dangar. Aka nuna masa Jatau. Ya ɗan tsaya, sannan ya ja abin awonsa tsakanin dirka biyu da suka rage ya auna iska, ya sa Hinda ta tsaya a tsakiya ya ɗauki hotonta tana nuna inda abin yake a da. Ya sha fura ya tafi.

Bayan wata uku amsa ta zo da kuɗin danga, Hinda ta yi katangar bulo, ta farko a layinsu. A ramin nan aka buga bulon, Labbo da Jatau suka kwaso, ramin ya ƙara zurfi. Kwangila ba ta faɗi ba. Tani ta bi gidajen da suka kawo harawa da dusa da kwalbar mai ɗaya-ɗaya. Lokacin sayar da Jatau ya yi ya wuce, ta ce a bar shi tukuna. Har yau in amalanke ta wuce ƙofar masallaci, liman yakan ce tozonsa ya yi kyau bana, Hammadu kuma yana faɗa in ya ga ƙaya ta karce fatar. Mahamadou yana gaida Labbo, amma ba ya kallon san.

Shi ya sa yau, da Labbo ya zo sabunta kwangila, ya ɗaure Jatau can gindin bedi inda murya ba ta kaiwa. Ɗanasabe yanzu ba ya maƙala takarda sai ya karanta ta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa. Ya karanta, har da idan ya faɗi, da idan ya tunkuyi mutum, da idan ya rushe. Labbo ya saurara duka, yana kallon ƙasa, yana motsa baki a hankali bayan kowace ɗaya. Da aka gama aka turo masa tawada, bai miƙa yatsa ba. Ya leƙa ta taga ya tabbata san yana inda ya bar shi.

"Malam Ɗanasabe, ka ƙara min layi ɗaya a ƙasa. Ka rubuta in wani abu ya sami wancan na waje, Allah ya kiyaye, a fara kiran Ɗantsoho, sannan Mahamadou, sannan mutanen Damagaram. Ka buga masa tampo. Kuma don Allah ka ba ni takardar guda biyu, ɗaya ta wuyansa, ɗaya wadda za a iya karantawa."